Bashin Saje Arzika

Saje Arzika, ga ni ƙofar shagonka a Mabera.
Na zo da goro da wata magana da na daɗe ina taunawa.
Ajiye rediyon da kake gyara tukuna,
juyo mini da kunnen da ke ji,
wannan guda da igwa ta bar maka.

Ina ɗan shekara shida ka sauka a tasha
da akwatin ƙarfe mai lambar da ba taka ba.
Ka yi ta cigiyar gidan Kofur Jaɓɓi,
ka tsaya a zaure, ka cire hula, sallama ta ƙi fita.
Inna ta leƙo, ta ga takalman Baba rataye a wuyanka.
Ba ta tambaye ka komai ba.
Ta koma ciki ta sauke tukunya.

Ka ce Laberiya ƙasar ruwa ce,
sama ba ta gajiya, ƙafa na ruɓewa cikin takalmi.
Ka ce kun kwana arba'in a rami guda
kuna gardama kan albasar Gada da ta Kware,
wacce ta fi sa mutum hawaye.
Abin da ya biyo baya ba ka taɓa faɗi ba.
Sai dai in tsawa ta faɗi da damina
mu gan ka ruf da ciki ƙarƙashin benci,
mu yara mu yi dariya.
Allah ya yafe mana dariyar nan.

Sannan ka kawo zancen bashi.
Wai Baba ya ranta maka kuɗi a bakin daga,
wai kai ba ka kwana da haƙƙin mamaci.
Duk ƙarshen wata sai mu ji ƙarar kekenka:
mudun gero, sabulu, kuɗin makaranta ƙulle a hankici.
Watan da fansho ya maƙale
ka kai bargonka na soja kasuwa,
ka ce wa ke neman bargo a Sakkwato.

Bara na raka ka Barikin Giginya, wajen tantancewa.
Layin tsofaffi cikin rana tsaka:
mai sanda, mai ido ɗaya,
mai hannun riga da iska ke kaɗawa, ba hannu a ciki.
Kowa riƙe da takarda
don ya shaida wa yaro mai kwamfuta bai mutu ba.
Can aka busa bigila, ba ma don ku ba,
duk kuka miƙe tsaye cak.
Ƙashin baya ya tuna abin da ofis ya manta.
Na dube ku, na tuna yawan daren da na yi minshari
ban san wa ke gadin barcina ba.

Da azumin bana, kafin Inna ta cika,
ta kama hannuna ta ce:
"Ubanka bai taɓa ajiye sisin da zai ranta wa wani ba.
Albashinsa a hannuna yake ƙarewa.
Tun ranar farko na gane.
Na yi shiru ne don kada in kunyata mutumin."

Saje, shekara nawa ke nan
kana biyan abin da ba ka ci ba?
Allon da na wanke, takardar da na samu,
ɗakin da nake kwana, duk da guminka a ciki.
Na gode. Kalmar ta yi kaɗan, amma ita gare ni.
Na gode maka, da Baba, da mai hannun rigar nan
da ban ma san sunansa ba.

Ka daɗe kana murɗa rediyo, tana ta shuuu.
Ka ɓare goro, ka miƙo mini rabi.
Ka ce: "Shi ya ja ni daga ramin, yaro, kafin a same shi.
Wa ya ce maka an gama biya?
Miƙo mini filaya."